Ginin nan da ke manne a jikin dutse a Turkiyya, ya kai a tashi daga Istanbul dominsa?

Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya turo tambaya, yace yana yawan zuwa Istanbul sarin kaya, wannan karon kuma zai tafi da maiɗakinsa da mahaifiyarsa, kuma suna da rarar kwana uku bayan ya gama da masu kago. Ya ga hoton wani gini a liƙe a jikin dutse cikin daji, ance masa Sumela sunansa, shine yake so yaji ko wajen ya kai a kashe kuɗin jirgi a kansa, ko Hajiya zata iya hawa, sannan da yaji ance wurin ibadar Kirista ne jikinsa ya ɗan yi sanyi.

Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da zaka fita da Hajiya ta ga duniya. Na zauna a Trabzon shekara huɗu ina karatu, kuma duk baƙon da yazo mana daga gida kusan ni ake haɗawa dashi na raka shi Sumela, to abin da zan faɗa maka da ƙafata na taka shi ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Amsata a taƙaice itace kuje, wajen ya kai. Amma akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun kafin ka sayi tikiti, Sumela gida ne da masu shi suka tashi suka barshi tun 1923, babu kowa a ciki sai masu gadi da 'yan yawon buɗe ido, idan ka shiga baka san labarin mutanen da suka zauna a ciki ba minti ashirin zaka gama zagayawa ka fito kana cewa wai dama wannan ne? Na ga mutane da yawa sun fito da wannan fuskar. Wanda kuwa ya san labarin sai ka ganshi ya tsaya a gaban bango ɗaya ya kasa tafiya.

Da farko dai ba kusa da Istanbul yake ba, kada hoto ya ruɗe ka. Trabzon tana can arewa maso gabas a bakin Bahar Aswad, ta wajen iyakar Jojiya, jirgi bai cika awa biyu ba amma in kace mota zaka hau to kusan kwana da wuni ne a zaune, da Hajiya ban baka wannan shawarar ba ko kaɗan. Daga cikin garin Trabzon zuwa Sumela bai wuce kilomita 50 ba, zaka bi ta wani ƙaramin gari Macka, a allunan hanya zaka ga sun sa wa harafin c ɗin 'yar jela a ƙasa amma yadda muke karantawa da Hausa haka suke faɗa. Daga Macka hanya ta shiga kwarin Altindere, ruwa na gudu a gefenka da ƙara, bishiyoyi sun rufe ko'ina, shi kuma ginin yana sama a kusan mita 1200 daga saman teku, kamar mita 300 daga ƙasan kwarin. In da Turkawan can zaka tambayi hanya kace Sumela ko kace Meryem Ana, wato Uwa Maryam, duk ɗaya ne kowa ya sani.

To menene shi wajen? Sauma'a ce, wato gidan ruhubanawa, mutanen nan da ke barin aure da dukiya da gari su keɓe kansu don ibada, irin su Bahira da muke ji a sira. Su waɗannan Kiristocin Otodoks ne masu jin Girkanci, ba Katolika bane ba kuma irin majami'un da muka saba gani a Sabon Gari bane, reshe ne daban da ya rabu da Roma tun 1054, kuma babban limaminsu har yau a Istanbul yake zaune a unguwar Fener. Dalilin da yasa zaka ga irin waɗannan gidajen a kogo ko a saman dutse shine gudun hayaniyar mutane, da kuma tsaro, don wajen da hanya ɗaya tak ke shiga ba'a kai masa hari da sauƙi.

Labarin da su masu wajen ke bayarwa shine a shekarar 386, zamanin sarkin Rumawa Tiyodosiyus na ɗaya, wasu ruhubanawa biyu daga Atens ta ƙasar Girka, Barnabas da Sofroniyos, suka zo suka tarar da hoton Nana Maryam da aka zana a kan allo a cikin wannan kogon, hoton da suke cewa Luka, ɗaya daga cikin marubutan Linjilarsu, shi ne ya zana shi da hannunsa, sai suka zauna a nan. Wannan ruwaya ce ta bakinsu ka riƙe ta a matsayin ruwaya. Abin da tarihi ya tabbatar da takardu shine wajen ya bunƙasa ne a zamanin daular Trabzon, wata ƙaramar daular Rumawa da aka kafa a 1204, musamman lokacin sarki Aleksiyos na uku wanda yayi mulki daga 1349 zuwa 1390, shi ya zuba dukiya ya basu filaye da ƙauyuka ya yafe musu haraji. Sunan ma ance daga dutsen ya samo asali, Mela, baƙi kenan da Girkanci, Turkawa ma Karadag suke ce masa, baƙin dutse.

Ga inda nake so ka nutsu Alhaji tunda kace jikinka yayi sanyi. A 1461 Sultan Muhammadu Fatih, wanda ya ci Istanbul, ya ci Trabzon, daular Rumawa ta ƙarshe ta faɗi. Amma Sumela ba'a rushe ta ba, ba'a kori kowa ba, sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa suka riƙa basu takardar kariya ɗaya bayan ɗaya suna tabbatar musu da haƙƙoƙinsu. Sultan Salim na ɗaya kafin ya hau gadon sarauta shine gwamnan Trabzon, a nan ma aka haifi ɗansa Sulaiman a 1494, kuma ana ruwaito cewa shi Salim ɗin ya baiwa wannan sauma'ar kyautar manyan mazaunan kyandir guda biyu. Kai babban ginin nan mai hawa-hawa da tagogi a jere da ka gani a hoto, wanda ya ja hankalinka, a ƙarni na 19 aka gina shi, ƙarƙashin mulkin Musulmi, yawancin zanen bangon da ke waje kuma na ƙarni na 18 ne. Wato sama da shekara 450 wajen yana raye yana ƙara girma sarakuna Musulmi na tsaronsa. Duk sanda na tsaya a tsakar gidan nan sai na tuna aya ta 40 a Suratul Hajji inda aka ambaci sauma'o'i tare da majami'u da masallatai cikin wuraren da da an rushe ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba. Hukuncin shiga irin wannan waje na malamai ne, ka tambayi malamin da ka yarda dashi kafin ku tashi hankalinka ya kwanta, ni abin da zan baka shine yadda wajen yake a zahiri. Yanzu gidan tarihi ne a hannun ma'aikatar al'adu ta Turkiyya, babu mai ibada a ciki in ban da rana ɗaya a shekara, babu wanda zai ce ka durƙusa ko ka kunna kyandir ko ka taɓa wani abu, kuma mafi yawan waɗanda zaku gani a layi Musulmi ne, Turkawa da Larabawan yankin Gulf da matansu cikin abaya da niƙabi. Amma hotunan mutane a bango kam akwai su cike, har da waɗanda suke cewa na Annabi Isa da mahaifiyarsa ne da mala'iku, gara ka sani tun yanzu ka kuma faɗa wa Hajiya kada abin yazo mata bagatatan.

Yadda wajen ya mutu kuwa abin tausayi ne. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya Rasha ta mamaye Trabzon daga 1916 zuwa 1918, bayan nan aka shiga shekaru na yaƙi da kashe-kashe da korar mutane daga ƙauyukansu, Girkawan wannan yankin sun sha wuya matuƙa, sannan a 1923 aka yi yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka, Kiristocin Otodoks sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi kusan dubu 400 suka taho Turkiyya, kuma da addini aka raba ba da yare ba, shi yasa har yau a wasu ƙauyukan tsaunin Trabzon akwai Musulmi da ke jin wani tsohon Girkanci a gida. Ruhubanawan Sumela da zasu tafi basu iya ɗaukar hoton nan nasu ba sai suka binne shi da wasu kayansu masu daraja a wata 'yar ƙaramar majami'a da ke kusa, Aya Barbara. A 1931 gwamnatocin biyu suka daidaita aka bar ɗaya daga cikinsu mai suna Ambrosiyos ya dawo ya tono kayan ya kai Atens, daga baya a farkon shekarun 1950 'yan gudun hijirar suka gina sabuwar Sumela a kan dutsen Bermiyo a arewacin Girka suka ajiye hoton a can. To ka ga abin da aka gina wajen dominsa ma baya ciki. Ana cikin haka gobara ta cinye duk abin da yake na katako a 1930, aka bar wajen shekaru da dama ba mai gadi, makiyaya na kwana ciki, masu neman dukiya na tona ƙasa, ɓarayin kayan tarihi na yanko zanen bango guntu-guntu suna fitarwa waje.

Wannan maganar ta 1923 kada ka ɗauko ta da direba ko mai shayi da sigar muhawara, abu ne mai zafi a ɓangarorin biyu, ka saurara kawai in sun kawo ta.

Yanzu ga yadda ranar zata kasance. Motarku zata tsaya a ƙasa a wajen ajiye motoci, daga nan sai ƙananan bas da suke kira dolmush su haura daku ta wata hanya mai lanƙwasa, a kan hanyar akwai wajen tsayawa da aka yi don kallo, toh daga nan ne ake ɗaukar wannan hoton da ka gani, in ka shiga cikin ginin bazaka sake ganinsa a haka ba don kana cikinsa, saboda haka kada ka wuce wajen nan da gaggawa, ku tsaya ku kalla sosai. Inda bas ya sauke ku akwai tafiyar ƙasa kamar mita 300 cikin bishiyoyi, an gyara hanyar amma akwai hawa da sauka da saiwoyi, in anyi ruwa kuma tana da santsi. Zaka fara ganin gadar ruwa mai baka-baka a jikin dutse wadda da ita ake kawo musu ruwa, sai wata doguwar matakala siririya mai tsayi da zata kai ka ƙofa, ƙofa ɗaya ce, da ka shiga ka wuce ɗakin masu gadi sai ka ga tsakar gidan a ƙasanka, wata matakalar kuma ta sauka. Wannan lokacin da ka leƙo daga ƙofar nan shine ya fi komai a wajena, dutse ya rufo ta sama kamar rumfa, ƙananan gine-gine sun lafe a ƙarƙashinsa, bango duk launi.

Maganar Hajiya gaskiya zan faɗa maka ba zan ɓoye ba. Idan tana hawa bene hawa uku ko huɗu ba tare da ta zauna hutu ba, ko tayi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarta a 'yan shekarun nan, in sha Allahu zata iya, a hankali, kuna riƙe da hannunta ana hutawa. In kuwa akwai ciwon gwiwa mai tsanani ko hawan jini da ba'a saita ba ko numfashi na yi mata wuya, kada ku matsa mata, keken guragu baya shiga, kuma duk matakalar da aka sauka sai an sake hawanta a dawowa, mutane suna manta wannan. Ta tsaya a wajen kallo ta ga ginin gaba ɗaya, wallahi rabin daɗin wajen a nan yake, sannan ta sauka ƙasa bakin ruwa inda gidajen abinci suke ta sha shayi, ɗaya daga cikinku ya zauna da ita ku yi karɓa-karɓa. Akwai tsohuwar hanyar ƙafa daga ƙasan kwari da ke hawa a karkace, fiye da rabin awa ga mai ƙarfi, wannan ba taku bace a wannan tafiyar.

A ciki abin da ya fi muhimmanci shine majami'ar kogon, kogo ne na asali aka toshe bakinsa da bango, ciki da waje duk zane, har rufin dutsen. In ka matsa kusa inda bangon ya ɓantare zaka ga zanen hawa-hawa ne har uku, wani a kan wani, kowane zamani sun shafe sun sake, na ƙasan shine mafi tsufa. Labarai ne aka jera kamar shafukan littafi don waɗanda basu iya karatu ba, akwai halittar Annabi Adamu da Hauwa'u da fitarsu daga Aljanna, akwai Annabi Yunusa da kifi, akwai haihuwar Annabi Isa, Hajiya ma zata gane wasu in ka nuna mata duk da cewa yadda suke bada labarin ya sha bamban da namu a wurare da yawa. Sai ɗakin girki da wajen gasa burodi, ɗakin littattafai wanda yanzu babu littafi ko ɗaya a ciki, ɗakunan kwanan ruhubanawa da na baƙi, da wani waje da ruwa ke ɗigowa daga saman dutse wanda suke ɗauka mai albarka ne, a da har Musulmin ƙauyukan kusa suna zuwa nema.

Abin da zai baka haushi kuma, ni dai har yau yana bani, shine yadda aka lalata zanen. Duk inda hannu ke kaiwa an ƙwaƙule idanu an kankare fuskoki, sannan sunaye, dubban sunaye an karce da wuƙa da ƙusa, da haruffan Girkanci da na Rashanci da na boko, wasu da kwanan wata tun na shekarun 1800, wato ba aikin ƙabila ɗaya ko addini ɗaya bane, kowa yazo sai ya bar sunansa a kan aikin da wani ya ɓata shekaru yana yi a rataye a jikin dutse. Don Allah in da yara a tafiyar a riƙe hannunsu, kada a taɓa bango, kada a kunna fitilar kyamara a cikin kogo, a kuma rage murya, don cikin masu zuwa akwai jikokin waɗanda aka kora daga wannan yankin, sukan zo daga Girka ko Rasha ko Jojiya, na taɓa ganin wata tsohuwa a tsaye a bakin kogon tana kuka shiru ba ta ce wa kowa komai ba, mutanen da ke ɗaukar hoto suna dariya a gefenta duk sai suka yi tsit.

Sau ɗaya a shekara ake barin a yi ibada a wajen, an fara ne ranar 15 ga Agusta 2010 lokacin da babban limaminsu Bartalomiyo ya jagoranta bayan shekara 88 ba'a yi ba, kuma har yanzu a watan Agusta ake yi da izinin hukuma da adadin mutane ƙayyadadde. In tafiyarku ta faɗo tsakiyar Agusta zuwa ƙarshensa ka tambaya a otal wace rana ce ku kauce mata, don tsaro yana yawa shiga tana wuya. Haka kuma ka tabbatar a buɗe yake kafin ka sayi tikitin jirgi, a 2015 an rufe shi saboda duwatsu na faɗowa daga sama, masu hawa dutse da igiya suka yi ta ɓamɓare waɗanda suka saki suna shimfiɗa ragar ƙarfe, sai a 2019 aka buɗe wani sashe aka ƙara buɗe wani a 2020, kuma ko bayan nan akan rufe na ɗan lokaci in aiki ya taso.

Sai babban abokin gaba, hazo. Wannan yankin shi yafi ko'ina ruwan sama a Turkiyya, zuwana na farko ban ga komai ba daga wajen kallo sai fari fat, ginin yana gabana amma kamar babu shi, sai da muka jira kusan awa ɗaya iska ta ɗan yaye shi. Shi yasa nake cewa tunda kwana uku gareku kada ka ajiye Sumela a ranar ƙarshe, ka sa ta a rana ta farko da kuka kwana a Trabzon, in gari ya rufe ka ɗaga zuwa gobe. Ku fita da sassafe ku isa lokacin da ake buɗewa kafin manyan bas na 'yan yawo su cika matakalar, daga Mayu zuwa Oktoba ne lokacinsa, Yuli da Agusta cunkoso yayi yawa kuɗin otal ma ya tashi, lokacin sanyi kuwa ƙanƙara ce kada ka kai Hajiya. Ko da rani ne ku ɗauki suwaita da rigar ruwa, a ƙafa kambas mai kama ƙasa, banda silifas banda takalmi mai tsini, kai kuma babbar riga a barta a otal, maiɗakinka in abayarta na jan ƙasa ta samu wadda bata kai nan ba saboda matakala.

Akwai masu shirya yawon kwana ɗaya daga tsakiyar gari da ke haɗa Sumela da wasu wurare uku ko huɗu, suna da sauƙin kuɗi amma kora ce kawai, su baka awa ɗaya su ce a dawo mota, da dattijuwa wannan bazai yi ba. Ku ɗauki tasi na wuni ku yi ciniki tun a gari kuɗin zuwa da jira da dawowa, kai ɗan kasuwa ne ba sai na koya maka ba. Kuɗin shiga na baƙi daban yake da na 'yan ƙasa kuma yana canzawa, ga na shiga gandun dajin ga na dolmush, ka riƙe lira a hannu kada ka dogara da kati kaɗai.

Abinci baka da damuwa, garin Musulmi ne, masallatai kuma ga su nan a Macka in lokacin sallah ya same ku a hanya. A bakin ruwan ku ci kifin rafi da ake gasawa da man shanu, ku ɗanɗana kuymak, garin masara ne da cuku da man shanu yana miƙewa in an ɗebo, Hajiya zata ga kamar ɗan'uwan tuwo ne. In da sauran lokaci ku ƙarasa Hamsikoy, wani ƙauye a sama da Macka da ya shahara da shinkafa da madara da ake gasawa a kasko a barbaɗa gyaɗar hazel a kai. Washegari kuma a cikin gari akwai Ayasofya ta Trabzon, ba ta Istanbul ba, ƙarama ce a bakin teku, sarakunan nan da suka raya Sumela danginsu ne suka gina ta a ƙarni na 13, tun 2013 masallaci ce ana sallah a ciki, kuma a fili take babu hawa, Hajiya zata shiga da ƙafarta ba wahala.

In kun sauka daga dolmush kafin ku kama hanyar ƙafa, ka tambayi masu gadi ina Aya Barbara take, tana nan kusa, 'yar ƙarama ce ta dutse yawancin mutane wucewa suke basu ma lura da ita ba. Nan ne aka binne hoton shekarun nan kafin a dawo a tono shi, kuma daga gefenta ana hango ginin da kyau, in Hajiya ta ga bazata iya matakalar ba nan ma waje ne da zata iya zama ta jira ku.